Kwalin Cefane: Ko Zai Raba Gardamar Tukunya A Gidan Masu Lalura?

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san cewa tukunya ɗaya ake ɗorawa. Abin da uwargida ta tuƙa shi maigida zai ci, shi yara za su ci, shi za a fitar wa baƙo a zaure, shi kuma za a zuba wa almajiri idan ya yi sallama. Ba a tambayar kowa abin da yake sha'awa, balle a tambaye shi abin da jikinsa yake karɓa. To amma a 'yan shekarun nan takardar likita ta shigo gidajenmu ta raba wannan tukunya gida-gida. Wannan an hana shi gishiri, waccan an ce ta yi hattara da shinkafa da tuwo, wancan kuma ƙodarsa ba ta son nama da yawa. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 manya miliyan 537 ne ke ɗauke da wannan ciwo a doron ƙasa, kuma ba sai na gaya wa mai karatu cewa mu ma mun samu namu kason ba. Ya leƙa zumuntarsa kawai ya ƙirga.

Wahalar wannan al'amari kuwa a kan mace take sauka. Ita ce za ta raba miya biyu kafin ta sa gishiri, ita za ta tuna wane ne ba ya cin mene, kuma idan aka yi kuskure ita za a kalla. Idan ma'aikaciya ce, wadda ke fita da sassafe ta dawo da magariba, to abin ya zama goma da ashirin. Wannan ya sa da na samu damar gwada wata hanya da Turawa suka ɓullo da ita, na ga ya dace in kawo wa masu karatu rahoton abin da idona ya gani, tunda an ce gani ya kori ji.

A watan Agustan 2024 ni da Hajiya muka yi wata guda a birnin Lesta da ke tsakiyar Ingila, a gidan 'yarmu ta fari, wadda al'ada ba ta bar ni in kama sunanta ba. Ma'aikaciyar jinya ce, wani mako ta yi aikin rana, wani mako ta yi na dare, mijinta kuma sai yamma liƙis yake shigowa. Da zuwanmu gidan ya zama mai dokoki huɗu. Ni ina da hawan jini. Hajiya ta shekara goma sha ɗaya da ciwon suga. Jikanmu ɗan shekara shida jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko kaɗan, irin lalurar nan da likitoci ke kira aleji, har akwai wata allurar gaggawa mai siffar biro da ba ta rabuwa da jakar makarantarsa. Doka ta huɗu kuwa ta hau kan kowa, wato halal. A kan haka ne 'yar tamu ta ce, "Baba, bari mu gwada kwalin cefane na wata ɗaya, ko na samu sauƙin lissafi."

Ga yadda abin yake ga wanda bai sani ba. Ba dafaffen abinci ake kawowa ba. Mutum zai shiga manhajar kamfanin a wayarsa, ya ga jerin girke-girke na makon da hotunansu, ya zaɓi uku ko huɗu, ya faɗi yawan bakin da za su ci. Ranar da aka tsayar sai a ajiye masa kwali a ƙofar gida. A ciki akwai ɗanyen kayan kowane girki a jakarsa daban, an auna komai daidai: albasa ɗaya, tafarnuwa ƙwaya biyu, shinkafa a ƙulle, kayan ƙamshi a 'yan ƙananan ledoji, kifi ko nama kuma a can ƙasa tsakanin ƙanƙara. Sai wani kati mai hotuna da ke bayyana matakan girkin, da minti nawa zai ci, da abin da ke cikin kowane kwano na gishiri da sitaci da mai. Kuɗi kuwa duk mako ake cirewa daga asusun mutum har sai ya ce a tsaya.

A ƙasar Suwidin wannan sana'a ta fara, lokacin da wata mata mai suna Kicki Theander ta kafa Middagsfrid a 2007. Daga nan HelloFresh ya ɓullo a Balin ta Jamus a 2011, sai Blue Apron a Niyok da Gousto a Landan, dukkansu a 2012. Zaman kulle na annobar korona a 2020 ya buɗa musu kasuwa ƙwarai, har cinikin HelloFresh ya haura Yuro biliyan 7 a 2022. Wanda muka gwada ɗaya ne daga cikin waɗanda ke aiki a Ingila, kuma ba zan ambaci sunansa ba, domin ba talla na zo yi ba, ba kuma ɓatanci ba.

Rigima ta farko da Hajiya aka yi ta. Mace ce da ta shekara arba'in tana ciyar da gidan da ba a rasa baki goma sha biyar, sai ga shi an miƙa mata kati mai hoton yadda ake yanka albasa. Ta juya shi gaba da baya, ta dubi 'yarta ta ce, "Ke yanzu ni za a koya wa girki da takarda?" Da ta ɗaga ƙullin shinkafar da aka ce ta mutum huɗu ce, giram 300 a rubuce, sai ta yi dariya ta ce wannan ko ɗan yaye aka ba zai nemi ƙari. Ta kawo karin maganar da matanmu ke kare kansu da ita, cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ni dai ban sa baki ba, don na san inda iyakata take a madafa.

Amma kuwa a nan ne kwalin ya fi nuna amfaninsa. Hajiya kan auna sugan jininta awa biyu bayan cin abincin dare, ta rubuta a wani ɗan littafi. A dararen da aka ci abincin kwali, alƙaluman sun riƙa sauka ƙasa da abin da ta saba gani a gida. Babu wani sihiri a ciki. Shinkafar ce ba ta da yawa, ganye da kayan lambu suka cinye rabin faranti, kifi ko wake suka ɗauki wani ɓangaren. Wannan shi ne ainihin abin da masana abinci a asibitocinmu suka daɗe suna faɗa, mu kuma muna jin su da kunnen shegu. Idon da ya san kima ya san kimar ƙoshi ne, bai san kimar suga ba. Hasali ma akwai wani ruɗi da ya yaɗu a tsakaninmu, cewa mai ciwon suga idan ya koma tuwon alkama to ya tsira, sai ka ga an ajiye wa dattijo malmala biyu manya-manya ana cewa ai magani ne. Alkama ma sitaci ce, kuma malmala biyu malmala biyu ce, ko ta acha ce. Abin da kwalin ya yi wa Hajiya shi ne ya cire mata zaɓin ƙarawa, domin idan an kwashe tukunya babu saura, ko ƙanzo babu.

Ni kuwa tawa ba ta yi kyau haka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya ci gishirin da ya kai giram 5 a yini, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye a cikin burodi da sauran kayan gwangwani. Da na fara karanta katunan, sai na tarar wasu girke-girken kwano ɗaya ya tasam ma giram 3. Laifin na 'yan ledojin nan ne: romon da aka daskarar, da ruwan waken suya mai baƙi, da haɗaɗɗen yaji. Sauƙin abin dai shi ne tunda a gabanka ake girkin, kana iya zuba rabin leda ka yar da rabi, ka cike gurbin da lemon tsami da citta da tafarnuwa. Wanda ya sayi dafaffe ba shi da wannan dama. Kuma in faɗi gaskiya, karanta waɗannan katunan ya sa na fara tunanin tukunyarmu ta gida, inda akan marmasa dunƙulen ɗanɗano biyar ko shida a miya ɗaya, alhali kusan rabin kowane dunƙule gishiri ne, sannan a kawo gishirin kansa a barbaɗa.

Batun halal shi ne ya rage mana zaɓi tun daga farko. Naman kamfanin ba shi da shaidar yankan Musulunci, don haka daga jerin girke-girke masu yawa sai muka koma kan na kifi da na kayan lambu. Ko a nan ma da sauran rina a kaba. Girkin da sunansa na kifi ne, sai ka tarar romonsa na kaza ne wadda ba ka san wanda ya yanka ta ba. Wani an sa giya a miyarsa, wani an yayyanka tsiran alade an ce don ƙamshi, wani cukunsa da sinadarin tumbin ɗan maraƙi aka daskarar da shi. Malamai suna da maganganu a kan wasu daga cikin waɗannan, ni kuwa ba malami ba ne, abin da muka yi shi ne duk wanda zuciya ba ta kwanta da shi ba mu tsallake. Idan an yi marmarin nama, surukina ya biya wajen mahauci ya sayo na rago a ƙara a kan girkin kayan lambu. Ko a wajen mahautan ma akwai bambanci, domin hukumomin shaidar halal a Ingila ba bakinsu ɗaya ba: HMC, wadda cibiyarta ke nan Lesta, ba ta amincewa da a sumar da dabba kafin yanka, ita kuwa HFA ta yarda da sumarwar da ba ta kashe dabbar. Abin mamaki shi ne ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi miliyan 3.9 ne a Ingila da Wels, amma ƙananan kamfanoni na Musulmi ne suka fi mayar da hankali ga wannan kasuwa.

Duk waɗannan masu sauƙi ne idan aka zo batun yaron. Ni idan gishiri ya yi mini yawa yau, gobe in rage. Shi kuwa kuskure ɗaya ya isa maƙogwaronsa ya kumbura, numfashi ya gagara cikin 'yan mintuna. Dokar Ingila ta wajabta a bayyana abubuwa 14 da aka san suna tayar da wannan lalura a jikin duk abincin da aka ƙunshe, daga cikinsu akwai gyaɗa, riɗi, madara, ƙwai, kifi, waken suya da alkama da danginta. Da ran mutum aka sayi tsananin wannan doka. A watan Yulin 2016 wata yarinya 'yar shekara 15, Natasha Ednan-Laperouse, ta sayi burodi mai haɗi a shagon Pret a Manger da ke filin jirgin sama na Hitiro, ba a rubuta cewa akwai riɗi a cikin ƙullinsa ba. Ciwon ya tashi a cikin jirgi kan hanyar Faransa, mahaifinta ya yi mata allura biyu, amma rai ya yi halinsa. Iyayenta suka yi ta fafutuka har aka yi dokar da ake kira da sunanta, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Oktoban 2021, ta tilasta wa masu shaguna rubuta dukkan kayan haɗin abincin da suka naɗe da kansu.

To kamfanin namu yana bin doka, kowane kati ya nuna abin da ke ciki da baƙin rubutu mai kauri. Amma a can ƙasa akwai wani gargaɗi da ƙananan haruffa, cewa a ma'aikata ɗaya ake ƙunshe kayan kowa, don haka ba su ɗauki alkawarin cewa ɓurɓushin wani abu bai taɓa wani ba, kuma kowa ya karanta jikin ledar da ta iso masa. Ma'ana, alhakin ya dawo kan uwa. Kowane kwali ya iso, 'yar tamu takan zauna ko da daga aikin dare ta dawo, ta bi ledojin nan ɗaya bayan ɗaya, kusan talatin, tana karantawa tana warewa. Na ce mata, "Ashe dai an gudu ba a tsira ba." Ta ce, "Baba, a kanti ma haka nake yi, bambancin kawai a nan a zaune nake."

A mako na uku aka ga amfanin wannan zama. Wani haɗin kori da aka saba kawowa ya ƙare musu, sai suka musanya shi da na wani kamfani ba tare da sun sanar ba. Katin bai canza ba, amma a jikin sabuwar ledar an rubuta cewa mai yiwuwa akwai ɓurɓushin gyaɗa. Da a ce katin kaɗai aka dogara da shi, Allah kaɗai ya san yadda daren zai ƙare. Ta kira su, suka ba da haƙuri, suka mayar da 'yan kuɗi kaɗan. Hajiya kuwa ta ga faɗuwa ta zo daidai da zama, ta ture katin gefe, ta ɗauko daddawa da busasshen tattasai da ta zo da su daga gida, ta ce wa jikan nata, "Maigidana, yau za ka ci girkin matarka." A wata gudan nan kaf ba mu ci abin da ya kai wannan daɗi ba, kuma ko surukina da ba ya yawan magana a gabana sai da ya nemi ƙari, aka ce masa babu.

Bari in ɗan ratse. Mutanenmu da yawa ba su yarda akwai wannan lalura ba, sukan ce sangarta ce ta 'ya'yan Turai, wai ina aka taɓa jin gyaɗa ta kashe jikan Bakano. Akwai wani bincike da ya taɓo gefen wannan magana. A 2015 wasu likitoci a Landan ƙarƙashin Farfesa Gideon Lack suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi a kan jarirai masu haɗarin kamuwa, inda suka gano cewa waɗanda aka fara ba su abinci mai gyaɗa tun kafin su cika shekara, kamuwarsu ta ragu da kusan kashi 80 cikin ɗari. A ganina kunun gyaɗar da iyayenmu ke ɗura wa yara tun suna goye ya yi mana rigakafin da ba mu san da shi ba. Sai dai a lura, wannan kafin lalurar ta kama ne. Yaron da ta riga ta kama, ba shi "ɗan kaɗan don ya saba" ganganci ne da rai. Kuma a ƙasarmu gyaɗa ba ta da iyaka: tana cikin yajin tsire da na kilishi, tana cikin ƙuli-ƙulin kwaɗon zogale, tana cikin miyar taushe, ga man gyaɗa da ake soya ƙosai. Ba ƙaramin tunani iyayen yaron nan ke yi ba duk lokacin da aka ce su kawo shi gida hutu.

Sai maganar kuɗi. Bayan rangwamen makon farko ya wuce, kowane kwano ya tsaya mana kusan fam 5, abin da idan surukina ya shiga kasuwa da kansa zai haɗa a ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Wannan ita ce cutar sana'ar baki ɗayanta: mutane su shigo don rangwame, ya ƙare su fice. Blue Apron da aka yi wa kimar kusan dala biliyan 2 lokacin da ya shiga kasuwar hannun jari a 2017, a 2023 dala miliyan 103 kacal aka saye shi. Shara ma ba a magana, kowace tafarnuwa da rigarta. Ko da yake wani bincike na Jami'ar Mishigan a 2019 ya nuna cewa idan aka haɗa lissafi duka, hayaƙin da ke ɗumama duniya wanda cefanen kanti ke jawowa ya fi na abincin kwali da kusan kashi ɗaya cikin uku, saboda a na kwali ba a zubar da ragowa. Wannan kam na shaida, a wata guda ko rabin tumatir bai ruɓe a firji ba.

Tambayar da na san mai karatu zai yi ita ce, shin wannan zai yiwu a Kano ko Kaduna ko Abuja? A siffarsa ta Turai, ban ga alama ba. Yana buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa don kifi ya iso da sanyinsa, da adireshin da ɗan aike zai gane ba sai an ce masa ya tsaya wajen mai shayi ya yi tambaya ba. Ko kamfanonin kai dafaffen abinci ma ba su ji da daɗi ba, Jumia Food da Bolt Food duk sun naɗe tabarmarsu a Nijeriya a watan Disambar 2023. Sannan a ƙasar da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, wa zai biya ladan yanka masa albasa? Ga shi kuma gidajenmu ba na mutum huɗu ba ne, kuma baƙo ba ya aiko da sanarwa.

Amma rabin sana'ar ai muna da ita tun kaka da kakanni. Mai kayan miya da ke kasa tumatir da attaruhu kashi-kashi, da matar da ke ƙulla kuka da daddawa a leda, da yaron da ake aika cefane kasuwar 'Yankaba, duk kwalin cefane suke yi ba tare da suna ba. Abu biyu ne babu: awo, da rubuta abin da ke ciki. Da a ce wata mai ilimin abinci daga cikin 'ya'yanmu da ke fitowa daga jami'o'i za ta haɗa kai da irin waɗannan mata, ta riƙa ƙulla busassun kayanmu waɗanda ba ruwansu da firji, acha ko gero ko dawa an auna na mutum ɗaya, busasshiyar kuɓewa, zogale, wake, yajin da aka daka ba gishiri ba dunƙule, wani kuma ba ƙuli-ƙuli a turmin da gyaɗa ba ta taɓa shiga ba, kowanne da takardarsa da Hausa, ina da yaƙinin ma'aikata da yawa masu jinyar iyaye a gida za su saya. Ni ne farkon wanda zai yi layi.

'Yar tamu ta dakatar da rajistar ranar da wata ya cika, amma ta adana katunan a wata jaka tana cefanensu da kanta. Hajiya kuma, wadda ta yi wa katin dariya, ana jibi za mu taso ta sa surukinta ya kai ta kanti, ta sayi ɗan ƙaramin sikelin madafa guda biyu, ɗaya nata, ɗaya na ƙanwarta da ke Zariya wadda ita ma sugan ya kama.